Marigayi Mai Ganga Yana Tuƙi a Riyad

Yanzu a garin nan kiɗa ba abin ɓoyewa ba ne. In na tsaya a danja a unguwar Ulaya bayan la'asar, sai in ji motar da ke gefena tana girgiza, yaro ya sauke gilashi ya saki sauti har ƙirjina na amsawa, ɗan sanda yana tsaye bai ko waiwayo ba. A jikin dogayen benayen nan an manna hotunan mawaƙa, maza da mata, kowa baki buɗe. Lokacin da na zo garin nan, ko fito ka yi a kasuwa sai wani ya harare ka. Ni da ya kamata in fi kowa murna da wannan sauyi, ni ne nake ɗaga gilashi don kada in ji. Ba tsoron Allah ne ya yi mini yawa ba, kada in yi ƙarya. Haushi ne. Ni makaɗi ne, ko in ce na taɓa zama, kuma a duk abin da na yi a duniya wannan kaɗai zan nuna in ce nawa ne. Gida ban gina ba, boko ban yi nisa ba, rubutun nan ma da ƙyar nake jan sa. To shi ɗin ma an raba ni da shi, kuma wanda ya raba ni da shi, shi ne mutumin da nake buɗe wa ƙofar mota kullum da safe.

A Jos aka haife ni, a unguwar da in ka farka za ka ji ladan ta wannan gefe, can anjima ƙararrawar coci ta wancan, tsakaninsu kuma lugude. Mata uku a turmi ɗaya, kowace da nata lokacin sauke taɓarya, ba mai karo da wata, wani sa'in su cilla ta sama su tafa kafin ta dawo. Ina tsugune a bakin murhu ina jiran koko, ƙafata na bin su ban sani ba. Babanmu tela ne, keken ɗinkinsa ma da nasa taku, in yana fushi ya fi sauri. Da aka ga makaranta ba ta shiga kaina, sai aka kai ni garejin wani mai gyaran jikin mota. Aikina in tokare ƙarfe ta ciki, maigida yana buga guduma ta waje. Sauran yaran kansu ke ciwo, ni kuwa daɗi nake ji. Ranar da aka fara ba ni guduma, maigidan ya tsaya ya saurara, ya ce, "Kai, mota aka ce ka miƙe, ba a ce ka sa ta rawa ba." Yaran yanzu da ke zaune da abu a kunne ba su san gari yana da sauti ba. Namu garin yana da shi, kuma kyauta ne.

A garejin na haɗu da Bitrus, ɗan Bukuru, Kirista, gajere mai faɗin hannu. Shi ya fara kai ni bayan cocinsu ranar da ba kowa, ya yaye wani zane ya nuna mini gangunan bature, waɗanda muke ce wa jas, babba a ƙasa da ake bugawa da ƙafa, ƙanana a sama, da faifan tagulla a gefe. Na zauna kamar wanda aka ba kujerar uban wani. Kafin magariba hannu biyu da ƙafa biyu kowanne ya kama nasa aiki, Bitrus yana ta dariya yana cewa aljanu ne da ni. Shi kuma bes yake kaɗawa, jitar nan mai kaurin murya. Na ukunmu shi ne Dogo. Dogo ya yi sakandare, yana da Turanci, yana da rediyo mai cin kaset, wandonsa a matse kamar da allura aka sa masa shi. Shi ya kawo mana kaset ɗin kiɗan Turawa mai ƙara da ake ce wa rok. Abin da suke faɗi ban sani ba, har yau ban sani ba, amma mai gangarsu na ji shi sarai, kamar da Hausa yake mini magana. Dogo ya ɗauki jita da waƙa, ya kuma raɗa mana wani suna na Turanci da ban taɓa iya faɗi daidai ba.

Kayanmu da hannu muka haɗa su. Babbar gangar daga wata makaranta muka samo ta, fatarta ta yage. Fatar roba irin ta Turawa ba ma ko tambayar ta, sai na tafi wurin majema na zaɓo fatar akuya, na jiƙa, na ja, na ɗaure. Abin bugawa da ƙafa da sarƙar keke na yi shi. Faifan tagulla maigidan gareji ne ya buga mini daga wani tsohon tire, yana bugawa yana zagina. Matsalar fatar akuya ita ce sanyi, kuma Jos ba a gaya wa kowa sanyinta. In ta sha sanyi sai ta saki, ka buga ka ji kamar ka mari katifa. Don haka kafin kowane wasa sai mun kai gangunan wurin mai shayi, in riƙa juya su a gefen wuta kamar mai gasa masara, ina ɗan ƙwanƙwasawa da yatsa har in ji ta amsa. In ka yi gaggawa ba ta tashi, in ka yi sakaci ta fashe. Mai shayin yakan ce mu kaɗai ne kwastomominsa da ke shan wuta ba sa shan shayi. Dogo ne ke ɗaukar babbar a ka, da wandon nasa da komai, yana tafe yana waƙa a titi, ni ina biye da ƙanana. Yanzu in ya sauko daga mota ko wayarsa ya manta, ni ake aika.

Baba bai taɓa yarda ba. Ya ce a gidanmu ba a taɓa yin maroƙi ba, kuma ba daga kansa za a fara ba. Na ce ni ba roƙo nake ba, ba na kiran sunan kowa. Ya ce, "Wanda ya ɗauki ganga ya ɗauki ganga. Ranar da ka je neman aure za ka gane." Gaskiyarsa ce, na kuma gane. In na dawo a makare sai in tarar an rufe tukunya, amma yayata, Yaya Asabe, takan ajiye mini tuwo a ƙarƙashin kwando, ta tsaya a kaina ina ci tana mini faɗa ƙasa-ƙasa. "Ci ka tashi, ɗan iska. Wai yau ma mutane sun yi rawa?" In na ce sun yi, sai ta yi tsaki, amma ina ganin tana danne murmushi.

Wasanmu na ranar Lahadi da yamma ne, a farfajiyar wani otal. Ma'aikata da 'yan makaranta da sojoji, Hausawa da Birom da Ibo, duk a wuri ɗaya, ba mai tambayar wani inda yake salla. Wata Lahadi wurin ya cika har kan katanga. Muna tsakiyar waƙar da aka fi so, sai aka ɗauke wuta. Jitar Dogo ta mutu a hannunsa, bes ɗin Bitrus ya yi shiru, muryar Dogo ta koma kamar ta sauro. Janareton otal ya ƙi tashi. Mutane suka fara ihu, kwalba ta farko ta fashe kusa da ƙafata, na ga wasu sojoji sun miƙe sun nufo mu. Ban yi wani tunani ba. Kayana ne kaɗai ba su san wutar lantarki ba, sai kawai ban tsaya ba. Na bar na Turawan, na sauko kan luguden unguwarmu, na sa ƙafa tana daka, hannu yana amsawa, na shigo da bugun gudumar gareji a kan tagulla. Wata mata mai jiki ta fara tafi. Sojan da ke gaba ya tsaya, ya dube ni, sai ya cire hularsa ya shiga fili. Haka na riƙe su ni kaɗai, zufa na shiga idona, tafin hannuna ya tsage, har aka samu janareton ya tashi. Da aka gama, Dogo ya jawo ni gaba, ya ɗaga hannuna mai jinin sama, ya ce a lasifika, "Ku kalle shi da kyau. Mu 'yan rakiya ne, wannan shi ne kiɗan." Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba, ko ranar aurena.

Abin bai daɗe ba. Otal ya sayi manyan lasifikoki da mai sa faifai, ya ce ya fi arha. Garin ma ya fara canzawa, mutanen da ke rawa tare suka fara raba hanya, ni in je Bukuru sai na yi tunani, Bitrus ya zo unguwarmu sai ya yi tunani. Dogo ya samu hanya ya tafi Saudiyya. Ni na bi ganga duk inda ta kai ni. Na kaɗa a bikin Ibo, na kaɗa a bayan motar 'yan siyasa muna shan jifa, na kaɗa wa wasu 'yan wasan kwaikwayo, na zauna a wani sutudiyo a Kaduna har ranar da mai shi ya kawo fiyano ya danna maɓalli ɗaya ganga ta fito. Ya ce, "Ka ga wannan ba ya cin abinci." Daga nan na yi yaron tanka, na yi acaɓa, na koma guduma. Na yi aure da ƙyar, na samu 'ya'ya. Baba ya rasu. Gangunan suka ruɓe a ɗakin ajiya, sandunan kiɗa biyu kaɗai suka rage mini. Ni da Bitrus kuwa, hanya ta ɓace tsakaninmu, ba faɗa, ba komai.

Ana nan sai ga saƙon Dogo, wai ya samar mini biza. Ya zama babba a wani kamfani mai kawo ma'aikata, ya auri 'yar wani babban malami cikin Hausawan da suka daɗe a can. Da na sauka a filin jirgin Riyad na kusa wuce shi. Farar jallabiya, gemu, tumbi, tabon salla. Na ce, "Dogo!" Ya rungume ni, amma a kunne ya ce, "Nan Alhaji ake ce mini." Kafin mu kai mota ya ga kan sandunan a bakin jakata. Ya zare su, ya duba hagu da dama, ya jefa a kwandon shara.

"Ka saurare ni," ya ce. "Nan ba Jos ba ce. Ba ka taɓa kiɗa ba, ban taɓa waƙa ba. Kai yaron gidanmu ne na kawo ka in taimake ka. In surukina ya ji wani abu, ni da kai duk mun koma. Ka rantse."

Na rantse. Me zan yi? Na ga tsoro a idonsa na gaske, kuma a lokacin garin haka yake. Na ce a raina aboki ne, ya ɗauki gangata a ka, ni ma in ɗauki sirrinsa.

Na fara da dako a kasuwar Aziziya, kwalin lemo da buhun albasa, bayana bai sake miƙewa daidai ba. Daga baya ya sa kamfanin ya mai da ni direbansa. Iƙamata, wato takardar zamana a ƙasar, a hannun kamfanin take, kamfanin kuma abin da Alhaji ya ce shi yake yi da ni. Shekaru suka yi ta tafiya, furfura ta fito. A ɗakinmu mu shida ne, akwai ɗan Sudan, akwai 'yan Kano, ba wanda ya san na taɓa riƙe wani abu ban da sitiyari. In hannuna ya fara bugun gwiwa sai in zauna a kansa. 'Ya'yana a gida sun san babansu direba ne, shi ke nan. Ban ji ciwo sosai ba, don ina ganin mu biyu ne a ramin. Shi ma ya haɗiye muryarsa. In muna mota mu kaɗai wani lokaci yakan yi ajiyar zuciya, ni ma in yi.

Sai garin ya juya. Aka fara kawo mawaƙa daga ko'ina, ana cika fili, ni nake kai baƙin Alhaji in jira su a waje, ƙasa na rawa a ƙarƙashin tayar mota. Surukin nasa ya rasu. Sai na fara jin Alhaji a waya yana dariya da likitoci da injiniyoyinmu na Najeriya, yana cewa, "Ai mu mun yi wannan tun kuna rarrafe." Abin da ya sa ni rantsuwa a kansa ya zama abin ado. Ni dai ina jira. Wata rana muna hanyar ofis ya ce 'yan ƙasarmu za su yi taro ranar Juma'a a wata istiraha, irin gidan shaƙatawar nan da ake haya a bayan gari, kuma sun matsa sai ya yi musu waƙa. An ɗauko wasu 'yan Filifin masu kayan kiɗa. Ya dube ni ta madubi ya ce, "Ka sa kaya masu kyau ranar." Na sayi sabuwar riga, na yi aski. Duk makon, in na ajiye shi, sai in tsaya a inuwa in yi ta gwaji a kan sitiyari, hannun ya yi nauyi amma bai manta ba. Ɗan Sudan ɗin ɗakinmu ya tambaye ni ko aure zan ƙara.

Ranar Juma'a bayan masallaci ni na je na ɗauko 'yan Filifin da kayansu. Da hannuna na sauke gangunan. Fatar roba, ƙarfe na walƙiya, ba mai bukatar wutar mai shayi. Na taya yaronsu kafawa, ya ga na san inda komai yake zama, ya yaba mini da Larabci, "Kwayyis, baba." Sai Alhaji ya aiko a ce in tsaya a ƙofa in riƙa nuna wa baƙi inda za su ajiye mota. Na ce to, kafin a fara ne. Na tsaya da sabuwar rigata ina ɗaga wa motocin likitoci hannu.

Da aka ci abinci Alhaji ya hau dandamali. Na matso na tsaya a baya, wurin kulolin shinkafa. Ya riƙe makirfo kamar jiya ya ajiye shi. Kafin ya yi waƙa ya ce zai ba su labari. Ya ba su labarin Jos, da otal, da ranar da aka ɗauke wuta. Bai rage komai ba, wallahi har kwalbar da sojan da hular. Ya faɗi fatar akuya da mai shayi, mutane suna dariya suna tafi, wayoyi duk a sama. Ni kuwa na goge hannuna a riga, na fara neman hanyar da zan bi tsakanin kujeru. Wata likita daga gaba ta ɗaga murya ta ce, "Alhaji, ina makaɗin yanzu?"

Ya dubi bayan fili, kuma na san ya gan ni, don ba wani mai tsayi a wurin kulolin sai ni. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya yi masa rasuwa tuntuni. Talauci da ciwo. Ku taya ni yi masa addu'a."

Wani malami ya miƙe ya ja addu'a, Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa, ya yafe masa abin da ya yi na ƙuruciya. Kowa ya ɗaga hannu. Mai raba shinkafa da ke kusa da ni ya taɓa ni da gwiwar hannu ya ce, "Malam, addu'a ake yi." Na ɗaga. Aka shafa, na shafa. Na ga likitar tana goge ido. Daga nan ɗan Filifin ya buga, Alhaji ya yi waƙa, muryar ta tsufa amma sun yi ta ihu. Ni na koma wurin motoci.

A hanyar komawa yana baya yana ta duba waya, yana murmushi. Na bari har muka hau babban titi.

"Dogo," na ce.

Ya ɗago. Rabon da in kira shi haka tun filin jirgi.

"Yaushe na mutu? Ka gaya mini, ko iyalina sa samu gado."

"Kai dai ba ka da wasa."

"Ba ni da shi. Ciwon me ya kashe ni?"

Ya ajiye wayar. "To me kake so in ce? In ce ga shi can, shi ne direbana? Shekara nawa ina gaya wa mutane kai yaron gidanmu ne. Matata Hajiya ma haka ta sani. Yau in tashi in ce abokina ne, tare muka tashi, shi na bari yana wanke mini mota? Da wane ido za su kalle ni?"

"Da wanda ya kamata."

"Ka ga, kai ba ka san mutane ba. Ka ga yadda suka ji tausayinka? Na ɗaga ka sama yau. Da ka fito da furfura da makullin mota a hannu, ka hau ka yi kuskure, dariya za su yi. Yanzu kuwa ba mai taɓa ka."

"Haka ne. Ba a taɓa matacce."

Ya yi tsaki, ya kalli waje. Can ya ce, a hankali, kamar maganar ba ta da alaƙa da komai, "Iƙamarka ta kusa ƙarewa, ko? Ka tuna mini in sa a sabunta. Yanzu sun tsananta a kan masu shekaru." Da muka isa gida na buɗe masa ƙofa. Ya ce gobe da wuri.

Bayan 'yan kwanaki Hajiya ta aike ni Aziziya sayen kayan miya. Ina tsugune gaban kwalin tumatir ina zaɓe, sai waya. Yaya Asabe ce daga Jos. Ita ba ta kira sai da dalili, ta tsufa, ido ya yi rauni. Ina ɗauka na ji tana haki.

"Kai! Kai ne?"

"Ni ne, Yaya. Lafiya?"

"Yi magana in ji. Kana ina?"

"Ina kasuwa ina zaɓen tumatir."

Sai ta fashe da kuka, tana salati tana zagina a haɗe. Da ƙyar na gane zancen. Bidiyon taron ya yi ta yawo a waya har ya isa Jos. Wani ya nuna wa Bitrus. Bitrus ya gane Dogo, ya ji labarin, ya ji addu'ar. Ya kwana yana kuka, da safe ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya hau mota daga Bukuru, ya yi ta tambaya har ya gano gidanmu. Ya yi sallama, ya cire hula, ya zauna a tabarma, ya ce wa Yaya ya zo ta'aziyya, a yafe masa bai ji da wuri ba. Ita kuma ta ɗauka yanzu abin ya faru aka ɓoye mata.

"Ga shi nan," ta ce. "Ga ɗan banzan da ya kusa kashe ni."

Na ji ana miƙa waya. Sai wata murya ta tsoho, mai kauri.

"Aljani? Kai ne?"

"Ni ne, Bitrus."

Ya yi wata ƙara, ban san dariya ce ko kuka ba. "Yesu! Kana da rai! Mutumin nan, na yi maka kuka har matata ta ce ko bashi kake bina. Kana ina? Kana kaɗawa?"

"Ina tuƙa Dogo."

Bitrus bai yi boko ba shi ma, amma ba a yi masa bayani sau biyu.

"Kana wurin da ya faɗa?"

"Ina wurin. Har amin na ce."

Na ji numfashinsa ya canza. "To wallahi," ya ce, shi da ba ya wallahi, "yau ɗin nan jikana zai ɗauke ni a waya. Zan faɗi sunanka, zan faɗi nasa, zan ce ƙarya yake, ni ne mai bes, ina wurin. Duk inda nasa ya je nawa zai je. 'Ya'yanka ma su ji ko waye ubansu."

Abin da nake jira ke nan tun ranar da aka jefa sandunana a shara, mutum ɗaya ya tsaya ya ce ni ne. Na tashi tsaye da tumatir a hannu. Na tuna babbar 'yata da ke shekarar ƙarshe a makarantar jinya, da ƙanenta biyu, da uwarsu da ke jiran ƙarshen wata. Na tuna yadda ake sauke mutum a Kano da jaka ɗaya, a shekaruna, baya a karye.

"Bitrus, bari."

"In bar me?"

"Kada ka ɗauki komai. Ka bar ni inda ya ajiye ni."

"Kai, ka haukace? Mutum ya binne ka da ranka!"

"Na sani. Ni na riƙe masa fitila. Yarinyar ta gama tukuna."

"In ta gama fa?"

"Akwai ƙanenta."

Ina jin kaji a tsakar gidanmu, da wani yana daka can nesa, mutum ɗaya, ba lugude. Sai Bitrus ya ce, muryar ta faɗi, "To gaisuwar da na kawo fa? Har da 'yar shinkafa na zo da ita."

"Ka ba Yaya. Ta karɓa."

Na ji ya juya yana gaya mata. Na ji ta daga nesa tana cewa ita ba za ta karɓi gaisuwar mai rai ba, a fitar mata da shinkafar nan daga gida, Allah ya isa tsakaninta da Dogo har gaban abada. Bitrus yana ba ta haƙuri. Mai tumatir ya ƙwanƙwasa sikeli ya ce, "Yalla, ya haj," wato in yi sauri, akwai mutane a bayana. Na kashe wayar, na miƙa masa ledar ya auna.